Yadda ake tsara manufa da dokar ƙasa kan sauyin yanayi

Kusan duk ƙasashen duniya sun shiga Yarjejeniyar Paris ta 2015, kuma kowacce tana miƙa takardar alƙawarin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, wadda ake kira NDC a taƙaice, ana sabunta ta duk shekara biyar. Sai dai abin da yarjejeniyar ta wajabta shi ne miƙa alƙawarin da bayar da rahoto a kansa. Ƙasar da ta kasa cika adadin da ta ɗauka, babu wani hukunci da ke jiranta. Abin da ke ɗaure gwamnati da gaske dokar cikin gida ce, ita ma sai idan ta faɗi wane ne zai yi me, zuwa yaushe, da wane kuɗi, da abin da zai biyo baya in ya gaza.

A fara da raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Manufa takarda ce da majalisar zartarwa ke amincewa da ita, tana nuna inda aka dosa da dalilin dosar can. Tana da sauƙin yi, tana da sauƙin rushewa: sabuwar gwamnati na iya ajiye ta a kabad ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Doka kuwa sai an koma majalisar dokoki kafin a taɓa ta. Tsarin da ya fi aiki shi ne a fara da manufa, a yi gardamar da za a yi a kanta, sannan a ɗebo abubuwan da ba a son su motsa, wato adadi da wa'adi da hukumomi da kuɗi da rahoto, a zuba su cikin doka. Bayanan da ke canzawa duk shekara a bar su ga ƙa'idojin da minista zai fitar a ƙarƙashin dokar.

## Ƙidayar hayaƙi kafin komai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a rubuta layi ɗaya na ƙuduri, dole ƙasa ta san yawan hayaƙin da take fitarwa da inda yake fitowa. Ana yin wannan ƙidaya ne bisa jagorar kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, ta 2006, wadda aka yi wa gyara a 2019. Jagorar ta kasa hayaƙin gida huɗu: makamashi, har da sufuri, ayyukan masana'antu irin su siminti da taki da ƙarfe, noma da daji da sauran amfanin ƙasa, sai shara da ruwan datti.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Ana ɗaukar yawan abin da aka yi amfani da shi a ninka da adadin hayaƙin da kowane ma'auni ke fitarwa. Litar fetur ɗaya tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, litar dizal kimanin kilo 2.7. Tan ɗaya na ƙonannen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti yana fitar da kusan rabin tan daga narkewar farar ƙasa kaɗai, ban da man da aka ƙona a murhun. Sauran iskoki ana mayar da su ma'aunin kabon: a lissafin da ake amfani da shi wajen rahoton Paris, tan ɗaya na iskar metan daidai yake da tan 28, na iskar naitros oksaid kuma 265. Shi ya sa ƙasar da ke da shanu da gonakin shinkafa da bututun gas masu yoyo za ta iya tarar da cewa nauyinta ba a tashoshin lantarki yake ba sam.

Wahalar tana wajen samo alƙaluman. Hukumar kwastam tana da adadin man da ya shigo, ma'aikatar makamashi tana da nata, kuma da wuya su zo ɗaya. Ƙidayar dabbobi ta tsufa. Itacen girki da gawayi ba sa bi ta wata rasit. Ɓangaren daji da ƙasa shi ne mafi ruɗani, domin sauya hanyar auna faɗin daji daga hoton tauraron ɗan'adam kaɗai na iya sauya jimillar ƙasa gaba ɗaya. Saboda haka a ware hukuma ɗaya mai alhakin ƙidayar, a ba ta ikon doka na neman bayanai daga ma'aikatu da kamfanoni, da wa'adin bayarwa, da tarar ƙin bayarwa. In aka bar aikin a hannun ƙwararrun haya da ake ɗauko wa duk lokacin da rahoto ya taso, suna tafiya da kwamfutocinsu ilmin ya tafi, zagaye na gaba a sake daga farko. Kuma yanzu rahoton ya zama na dindindin: a ƙarƙashin Paris ana miƙa shi duk shekara biyu, na farko ya kasance zuwa 31 ga Disamba 2024, da sassauci ga ƙasashe mafiya talauci da ƙananan tsibirai.

Tare da ƙidayar, a sa lauyoyi su bi dokokin da ke aiki, na lantarki da man fetur da daji da filaye da ruwa da gine-gine da haraji, su fito da duk inda sabuwar doka za ta ci karo da tsohuwa. A duba tsarin mulki ma, musamman a ƙasar tarayya, a ga wane mataki na gwamnati ke da iko a kan filaye ko lantarki. A Kanada sai da maganar kuɗin da dokar 2018 ta ɗora wa hayaƙin kabon ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da ikon gwamnatin tarayya a 2021.

## Adadi, wa'adi da kasafin kabon

Buri iri uku ake sawa. Akwai rage adadi kai tsaye daga wata shekarar tushe, kamar kashi 55 cikin 100 ƙasa da na 1990. Akwai ragewa daga abin da ake hasashen za a fitar in ba a yi komai ba. Akwai kuma rage hayaƙin da ake fitarwa a kan kowane ma'aunin arzikin ƙasa. Ƙasashe masu tasowa sun fi zaɓar na biyu, kuma da hujja, tunda tattalin arzikinsu yana girma. Haɗarinsa shi ne hasashen roba ne. In aka kumbura shi, ƙasa za ta cika burinta tana zaune. Duk wanda ya zaɓi wannan hanya ya rubuta adadin hasashen a fili da yawan tan, da zaton da aka gina shi a kai na yawan jama'a da bunƙasar arziki, da sharaɗin sake lissafa shi. Haka nan a raba abin da ƙasa za ta yi da kuɗinta da abin da sai an samu tallafin waje, kowanne da adadinsa.

Burin da wa'adinsa ya kai shekarar 2050 ko 2060 shi kaɗai ba ya hana kowane minista barci, domin ba zai kasance a kujerar ba. Maganin da Birtaniya ta ƙirƙiro a dokarta ta 2008, wanda ƙasashe da dama suka kwaikwaya, shi ne kasafin kabon: ana ƙayyade jimillar hayaƙin da ƙasa za ta fitar a cikin shekara biyar, kuma ana tsayar da kowane kasafi shekara goma sha biyu kafin lokacinsa. Kasafi na shida, na 2033 zuwa 2037, an tsayar da shi a 2021 a kan tan miliyan 965. Tazarar tana da amfani biyu. Mai gina tashar lantarki ko masana'anta ya san inda aka dosa kafin ya zuba jari, kuma gwamnatin da ke tsayar da adadin ba ita za ta sha zafinsa a zaɓe mai zuwa ba, don haka ta fi iya faɗin gaskiya. Zangon shekara biyar kuma yana shanye bambancin shekarar sanyi mai tsanani ko ta fari da ke rage wutar madatsun ruwa.

Dokar ta Birtaniya ta fara ne da burin rage kashi 80 zuwa 2050, a 2019 aka mayar da shi kashi 100. Abin koyi a nan shi ne a rubuta dokar yadda ƙara buri zai yi sauƙi, rage shi kuma ya yi wuya: sai da shawarar kwamitin masana a rubuce da amincewar majalisa.

Jamus ta gwada wata hanya a dokarta ta 2019, ta raba adadin shekara-shekara ga kowane ɓangare, ta ce ma'aikatar da ɓangarenta ya zarce dole ta kawo shirin gaggawa cikin wata uku. Tsarin ya nuna mai laifi ƙarara, sufuri da gine-gine suka riƙa zarcewa, a 2024 aka sassauta shi aka koma duba jimilla. Rabon kaso ga ma'aikatu yana da kyau, amma a sani cewa ministan da aka ɗora wa nauyin da ba shi da ikon saukewa zai yaƙi dokar ne maimakon hayaƙin. New Zealand kuwa, inda dabbobi ke fitar da kaso mai yawa, ta ware wa metan na dabbobi buri dabam a dokarta ta 2019. Ƙasar da noma da kiwo suka rinjaya ta yi nazarin wannan.

## Wa zai riƙe ragamar

A yawancin ƙasashe ma'aikatar muhalli ce ke ɗauko maganar, ita ce kuma mafi ƙarancin kuɗi da ƙarfin faɗa a ji. Ba ta iya ba ma'aikatar kuɗi ko ta man fetur umarni. Shi ya sa dokar Kenya ta 2016 da ta Najeriya ta 2021 suka kafa majalisar ƙasa kan sauyin yanayi da shugaban ƙasa ke jagoranta. Wannan yana ba maganar nauyi, amma yana da tarkonsa: majalisar da sai shugaban ƙasa ya samu sarari take zama tana iya shekara ba ta zauna ba. A rubuta a doka sau nawa za ta zauna a shekara, wa zai jagoranta in shugaban ba ya nan, mutum nawa ne za su isa a yanke shawara, sannan a ba ta sakatariya mai ma'aikata na dindindin da layinta a kasafin kuɗi. A kuma fayyace iyakar aikin sakatariyar da na sashen sauyin yanayi da ke ma'aikatar muhalli tun da can, in ba haka ba shekarun farko za su ƙare a rigimar wa zai wakilci ƙasa a taron duniya.

Ban da wannan, ana buƙatar kwamitin masana mai zaman kansa, wanda aikinsa ba da shawara kan kasafin kabon da auna ci gaba. Na Birtaniya shugaba ne da mambobi biyar zuwa takwas. Ƙarfinsa ba a ikon tilastawa yake ba, domin ba shi da shi. Yana cikin abubuwa uku da dokar ta tanada: rahotonsa na shekara majalisar dokoki yake zuwa kai tsaye, dole gwamnati ta mayar da amsa a rubuce cikin wa'adi, in kuma ta ƙi bin shawararsa kan kasafi dole ta bayyana dalili a fili. A ƙara da wa'adin aiki tsayayye ga mambobi, wanda bai zo daidai da na zaɓe ba, da sharuɗɗan sauke su a rubuce. Kwamitin da minista ke naɗawa ya kuma sauke yadda ya ga dama, 'yan amshin shata ne kawai.

## Jure wa abin da ya riga ya zo

Ga ƙasar da hayaƙinta kaɗan ne amma ambaliya da fari da zafi ke cin ta, wannan babin shi ne zuciyar dokar, kuma shi aka fi rubutawa da kalmomi masu daɗi marasa ƙashi. Abin da ake buƙata a doka shi ne binciken haɗurran yanayi na ƙasa duk shekara biyar, shirin tunkararsu cikin wa'adi bayan binciken, da wajabta wa masu riƙe da madatsun ruwa da hanyoyi da lantarki da asibitoci su faɗi haɗarin da ke kansu da abin da suke yi. Sai kuma abin da ya fi duka tasiri a ƙasa: sauya ƙa'idojin gini da na tsara gari. Magudanar ruwa da aka auna da alƙaluman ruwan sama na shekara arba'in da suka wuce za ta cika ta tumbatsa ko da an gina ta daidai da ƙa'ida. Dokar ta ce duk babban aikin gwamnati sai an auna shi da hasashen yanayi na tsawon rayuwarsa kafin a saki kuɗi, ta kuma ba hukumar hasashen yanayi alhakin samar da alƙaluman.

## Kuɗi

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Asusun duniya irin su Green Climate Fund suna neman hukumar ƙasa da ta cika sharuɗɗan kula da kuɗi kafin su ba ta kai tsaye, tantancewar kuma tana ɗaukar shekaru. Dokar da ta dogara da tallafin waje kaɗai za ta zauna jiran gawon shanu.

Dokoki da dama suna kafa asusun sauyin yanayi, kuma da yawansu a takarda suke tsayawa, saboda an rubuta cewa kuɗinsa zai fito daga "abin da majalisa za ta ware" ba tare da adadi ba. A sa masa tushe takamaimai: kaso daga wani haraji, ko tarar gurɓata muhalli, ko adadi tsayayye kamar yadda Filifin ta yi a 2012 da asusunta na fesos biliyan ɗaya. A Kenya wasu gundumomi sun yi dokokin ware kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na kasafin ayyukan raya ƙasa, kwamitocin mazaɓu ne ke zaɓar aikin da za a yi. A tanadi binciken babban mai binciken kuɗi na ƙasa duk shekara. Wani mataki mai arha shi ne yi wa kowane layi na kasafin kuɗi alama in yana da alaƙa da yanayi, abin da Nepal ta fara tun 2012. Sai dai a tsaurara ma'anar, don in an sake, kowace ma'aikata za ta manna wa gyaran ofishinta alamar.

Harajin kabon yana buƙatar taka-tsantsan fiye da komai. Lissafinsa mai sauƙi ne: dala 10 a kan tan ɗaya na nufin ƙarin kimanin santi 2.3 a litar fetur. Siyasarsa ce mai wuya. Sweden ta fara nata a 1991, ta riƙa ƙarawa a hankali tana rage wasu haraji, ya dawwama. Ostareliya ta fara a 2012 ba tare da yardar 'yan adawa ba, aka soke shi a 2014 bayan sauyin gwamnati. A Faransa ƙarin harajin mai ya tayar da zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa a 2018, gwamnati ta dakatar da ƙarin. Afirka ta Kudu ta fara a 2019 da rand 120 a kan tan, amma da rangwamen kashi 60 zuwa 95, har abin da kamfanoni suka biya a zahiri ya zama kaɗan ƙwarai. Darasin aikin shi ne a fara ƙasa-ƙasa, a buga jadawalin ƙari na shekaru tun farko, a kuma fara biyan diyya ga masu ƙaramin ƙarfi kafin farashi ya motsa. Ƙasar da ke biyan tallafin mai kuwa ta san cewa haraji a kan kabon alhali ana tallafa wa ƙona shi zuba ruwa ne a kwando. Masu fitar da siminti da ƙarfe da taki da alminiyam zuwa Tarayyar Turai suna da ƙarin dalili: tsarin harajin kabon na kan iyaka na Turai yana cire abin da aka riga aka biya a gida, don haka kuɗin da ƙasa ba ta karɓa ba wani ne zai karɓa.

Kasuwar sayar da takardun rage hayaƙi ma tana buƙatar babi. Doka ta faɗi wa ke da haƙƙin kabon ɗin da ke daji, wa ke ba da izinin sayarwa waje, da rajista ɗaya ta ƙasa. A ƙarƙashin sashe na 6 na Paris, abin da aka sayar wa wata ƙasa da izini ana cire shi daga lissafin mai sayarwa, saboda haka ƙasar da ta sayar da ragin da ya fi arha za ta bar wa kanta mai tsada. Kenya ta gyara dokarta a 2023 ta tanadar wa al'ummomin da aikin ke ƙasarsu kaso na abin da aka samu.

## Kalmomin da kotu za ta karanta

Ƙudurin ya rayu ko ya mutu a kan ƙananan kalmomi. "Minista yana iya" izini ne, "dole minista ya" wajibi ne. "Cikin lokacin da ya dace" ba wa'adi ba ne, "cikin wata goma sha biyu daga ranar fara aikin dokar" wa'adi ne. Kowane wajibi ya ambaci muƙamin da ke ɗauke da shi, domin "gwamnati za ta" ba ta nuna kowa.

Shari'o'in da aka yi sun nuna inda ake faɗuwa. A 2020 Kotun Ƙolin Ireland ta soke shirin rage hayaƙi na ƙasar saboda bai fayyace yadda za a kai ga burin ba. A 2022 babbar kotu a Ingila ta ce dabarun gwamnati sun saɓa wa dokar 2008, saboda ba a nuna wa minista adadin da kowane mataki zai rage ba. A 2021 Kotun Tsarin Mulkin Jamus ta ce dokar ta tura nauyi da yawa zuwa bayan 2030 a kan matasa, gwamnati ta ɗaga burin 2030 daga kashi 55 zuwa 65, ta kuma matso da wa'adin ƙarshe zuwa 2045. Don haka a wajabta cewa kowane shirin aiki ya nuna, mataki-mataki, tan nawa zai rage, a wace shekara, da nawa, a hannun wa. A kuma rubuta wa ke da damar kai ƙara. Dokar Kenya ta sauƙaƙa wannan, ba sai mai ƙara ya nuna asarar da shi kansa ya yi ba.

Jin ra'ayin jama'a a yi shi tun daftari yana iya sauyawa, da harsunan da mutane ke ji, a kuma buga abin da aka karɓa da abin da aka ƙi da dalili. Ƙungiyoyin ƙwadago na ma'adinai da mai, da manoma da makiyaya da masunta, da masu masana'antu, a zauna da su kafin ƙudurin ya shiga majalisa. Wanda aka tsallake a ɗakin taro, a zauren majalisa za a haɗu da shi ya riga ya tara mutanensa. A nemi hannun 'yan adawa ko da za a sassauta wani sashe. Dokar Birtaniya ta wuce da ƙuri'un kusan dukkan jam'iyyu, shi ya sa ta ga gwamnatoci da yawa.

Ranar sa hannu rabin aiki ne. Dokar tsari irin wannan ba ta motsi sai da ƙa'idojin aiwatarwa: na bayar da rahoton kamfanoni, na tafiyar da asusu, na rajistar kabon, na tara. A tsara daftarinsu tun ƙudurin yana majalisa, a sa wa kowanne wa'adi a cikin dokar, a kuma tabbatar kasafin kuɗin shekarar farko ya ɗauki albashin sakatariya da na kwamitin masana. Kwamitin majalisa mai kula da muhalli ya riƙe jadawalin wa'adodin nan a gabansa, duk wanda ya wuce ba a cika ba ya gayyato ministan ya zo ya yi bayani a zaman da jama'a ke gani.